An aiko wa ɗana takardar soja a Jamus, me kuke gani?

Baban Khalifa (Hamburg): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau ba hirar ƙwallo ce ta kawo ni ba. Jiya na dawo daga aikin dare na tarar da Maman Khalifa a kicin, ko ruwan shayi ba ta ɗora ba, ta tasa wata wasiƙa a gaba. Daga rundunar sojan Jamus take, da sunan Khalifa. Yaron nan a nan aka haife shi a 2008, takardun ƙasar yake riƙe da su, watan jiya ya cika 18. Dokar da majalisarsu ta zartar a Disambar 2025 ta ce duk namijin da aka haifa daga 2008 dole ya cike takardar tambayoyi ta intanet: tsawonsa, nauyinsa, lafiyarsa, karatunsa, da ko yana sha'awar aikin soja. Mata ma ana aika musu, amma su sai sun ga dama. Shiga sojan ba tilas ba ne tukuna, amsa tambayoyin ne tilas. Sai dai sun bar ƙofa a buɗe: in masu sa kai ba su kai adadin da ake so ba, majalisa na iya dawowa ta ce dole. Uwarsa ta ce a tattara shi a kai shi Kano wurin kakarsa. Shi kuma gogan naku ya ji albashin ya kai wajen Yuro 2,600 a wata kafin a cire haraji, har ya fara duba motoci a waya. Ni na tsaya a tsakiya. A ba ni shawara.

Kofa Sadiq: Kawu, Yuro nawa ka ce? Don Allah a tambaya mana ko suna ɗaukar 'yan Kurna. Ni nan ina bauta wa ƙasa a kan 77,000, kafin 20 ga wata na koma garin kwaki.

Maman Iman: Sadiq ka bar wasa, magana ce ta ɗa. Baban Khalifa, ka gaishe min da Hajiya, ka ce mata na fahimce ta sarai. Ba kuɗi ake ba yaro a banza ba. Duk wanda ya ga ƙasa kamar Jamus ta tashi tana ƙidayar samarinta ya san Rasha suke kallo. Tun da aka shiga Yukiren a 2022 ba su sake barci da ido biyu ba. In ni ce, jirgin farko zan sa shi.

Saje Mai Ritaya: Hajiya, ki sa shi a jirgi ki kai shi ina? Hanyar Birnin Gwari? Ku yi haƙuri, ni abin nan burge ni ya yi. Ƙasa ta ba yaro asibiti kyauta, makaranta kyauta, ta kira shi ta ce zo ka faɗa mana ko za ka iya taimakawa, sai a ce a gudu da shi? Ina ma a ce mu ne muka yi wannan. Na shiga Depot ta Zariya ina ɗan 19, ban iya gyara shimfiɗata ba. Wata shida aka mayar da ni mutum. Ku dubi majalisun samari a bakin titi yanzu, daga shayi sai ƙwaya sai musun Arsenal. A kwashe kowa, shekara ɗaya, mace da namiji, ɗan minista da ɗan mai gadi. Ku ga in ƙasar nan ba ta miƙe ba.

Kofa Sadiq: Baba Saje, an taɓo Arsenal kuma. To ai mun yi faretin. Sati uku a sansani, ƙarfe huɗu na asuba ana busa mana ƙaho, sojoji na yi mana ihu.

Saje Mai Ritaya: Wannan fareti ne ko wasan yara? Rabin ku a kasuwar mami kuke wuni kuna cin indomi.

Barista Hauwa: Bari in sa baki kafin ku yi nisa. Abin da Baba Saje ke nema ba baƙo ba ne a dokarmu. Sashe na 220 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yi tanadin horon soja ko aikin soja na tilas, in Majalisar Tarayya ta yi doka a kai. Ba ta taɓa yi ba ne kawai. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne sashe na 34, wanda ya haramta aikin tilas. A cikin abubuwan da ya cire daga haramcin akwai aikin da za a ba mutumin da zuciyarsa ta ƙi yarda ya yi aikin soja, a madadin sojan. Wato waɗanda suka rubuta kundin sun hango ranar da za a ce kowa ya zo, wani ya ce ni imanina bai bar ni in ɗauki bindiga ba, a ce to ga wani aikin. Ƙofar tana nan, ba a taɓa bi ta cikinta ba.

Baban Khalifa, ta ɓangarenku kuma sashe na 4 na kundin Jamus ya ce ba a tilasta wa kowa ɗaukar makami in lamirinsa bai yarda ba. Sabuwar dokar ba ta taɓa wannan ba. Ku cike takardar dai, kar ku yi biris da ita, don rashin amsawa shi ne laifin.

Baban Khalifa (Hamburg): Na gode Barista. Wannan sashen ne ma nake so in ba ku labari a kansa in na samu hutun rabin dare.

Malam Nura Tarihi: Saje, ranka ya daɗe, kalmar da ka yi amfani da ita ce ta tsaya min a wuya: "a kwashe". An taɓa kwashe mu ai. Lokacin yaƙin duniya na biyu Turawa suka bi ta hannun sarakuna da hakimai, kowane gari a kawo samari kaza. Wasu suka tafi Bama cikin runduna ta 81 da ta 82, wasu aka tura su haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944, abin da tsofaffinmu ke kira ɗiban gwamna. Ka tambayi duk wanda ya ji labarin daga bakin kakansa: ɗan wa dagaci yake miƙawa? Ba nasa ba. Maraya, da baƙo, da ɗan wanda suka yi rigimar gona. Ni tsorona ke nan. Takarda za ta ce kowa, amma a ƙasa mai unguwa ne zai rubuta sunaye.

Ita kanta bautar ƙasar da Sadiq ke yi, Janar Gowon ya kafa ta a Mayun 1973, shekara uku bayan yaƙin basasa, don ɗan Inugu ya zauna a Sakkwato ya ga mutanen can ba dodanni ba ne. A takarda kowa za a jefa inda bai sani ba. Yau wa ke zuwa ƙauyen da babu sabis? Wanda ba shi da kowa a Abuja.

Kofa Sadiq: Malam kamar ka san ni. Ni aka jefa wani ƙauye a Binuwai, wata takwas ke nan. Abokina da muka fito aji ɗaya ko jakarsa bai kwance ba aka mayar da shi gida, wai yana da asma. Mutumin da ke buga mana lamba tara.

Alhaji Ɗanjuma: Ai har minista ta sauka a kan takardar bautar ƙasa. Kemi Adeosun, 2018. Manya ba sa yi.

Barista Hauwa: Alhaji, a cika labarin. Ta sauka ne don takardar yafewar da ta gabatar ta zama ba ta gaskiya ba, amma a 2021 kotu ta ce tun asali ba ta cikin waɗanda dokar ta wajabta wa yi. Misalin bai zauna daidai inda ka ajiye shi ba.

Alhaji Ɗanjuma: To na janye rabi.

Abdallah Mai Wurno (Sudan): Salamu alaikum 'yan'uwa. Hausata ta Sudan ce, ku yi haƙuri da ita. Baba Saje, abin da kake roƙo mu mun gan shi da ido. Zamanin Bashir ba ka shiga jami'a sai ka yi hidimar tilas. Mota takan tsaya a kasuwa ko tasha, a tare samari, wanda ba shi da takarda a jefa shi baya. Yayana haka aka ɗauke shi, ya fita sayen burodi, sai bayan sati uku muka san inda yake. A 1998, ana gab da babbar salla, yaran da ke sansanin Ailafun kusa da Khartum suka nemi a bar su su je gida salla, aka hana. Suka fasa suka gudu, aka buɗe musu wuta, waɗanda suka faɗa jirgin ruwa ya kife da su a kogin Nil. Gommai suka mutu, wasu sun ce sun haura ɗari. Yara ne 'yan makaranta kamar Khalifa. Kuma duk wannan horon bai hana abin da ya same mu daga Afrilun 2023 ba. Ƙasa cike da mutanen da suka iya harbi, ga inda muke.

Maman Iman: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya kawo muku sauƙi Malam Abdallah.

Saje Mai Ritaya: Amin. Abdallah, na ji, kuma ban musa ba. Amma wannan ba laifin horo ba ne, laifin azzalumin da ke riƙe da ƙasa ne. Finlan suna yi, Koriya ta Kudu suna yi, Siwizalan suna yi. Wa ya ji sun harbe 'ya'yansu?

Issoufou na Maraɗi: To Saje, mu wace ƙasa muka fi kama da ita, Finlan ko Sudan? Tambayar ke nan. Ka dubi Burkina, maƙwabtanmu. A 2023 suka yi dokar kiran kowa ga yaƙi. Ba a jima ba sai ga 'yan jarida da 'yan ƙungiyoyin farar hula da suka soki gwamnati an ɗauke su an kai fagen daga, har da dattawa. Doka ta zama bulala. Kuma abin da Malam Nura ya faɗa, mu nan ya fi tsanani lokacin Faransi. Akwai garuruwa a gefenku na iyaka da kakanninsu daga nan suka tsallaka cikin dare don gudun ɗibar soja da aikin tilas, wanda sai 1946 aka soke shi.

Mu ma muna da tamu bautar ƙasar, sabis sibik. Na yi ta shekara biyu ina koyarwa a wata lakwal ta ƙauye. Ban yi da-na-sani ba, can na samu matata. Amma gaskiya guda: mun zama malamai masu araha. Da a ɗauki malami cikakke a biya shi, gara a turo ɗan sabis, in ya gama a mayar da shi ɗan kwantaragi.

Baban Khalifa (Hamburg): Na samu hutu, ga labarin. Kun san a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Akwai wani Bajamushe da muke aikin dare tare, ya kusa ritaya. Na nuna masa hoton wasiƙar, ya yi dariya ya ce shi ma ta taɓa zuwa masa, farkon shekarun 1980. Ya ce ba zai ɗauki bindiga ba. A lokacin ba a yarda da bakinka kawai, sai ka zauna gaban kwamiti sun gwada lamirin naka. Ya ce wani dattijo ya dube shi ya ce: kana tafiya a daji da budurwarka, sojan abokan gaba ya fito zai yi mata fyaɗe, ga bindiga a hannunka, me za ka yi? In ka ce zan harba, sun ce ashe kana iyawa, tafi bariki. In ka ce zan tsaya ina kallo, sun ce ƙarya kake. Ya ce gumi ya jiƙa masa riga. Da ƙyar ya tsallake.

Aka tura shi gidan tsofaffi. Ranar farko aka ba shi wani tsoho da ya yi yaƙin Hitila, ƙafa ɗaya, a ce ya yi masa wanka. Tsohon ya tofa masa yawu ya kira shi matsoraci, mai gudun bariki. Haka ya riƙa wanke shi kullum, yana canza masa zanen gado, yana yanke masa farce. Ya ce bayan wata biyar tsohon ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai shi, kuma a hannunsa ya cika. Yaron da ya zo da niyyar karanta injiniya, ga shi shekara arba'in da wani abu yana wannan aikin.

Ya ce daga 1984 aka rage zaman kwamitin, sai ka rubuta dalilinka a takarda, amma aka tsawaita aikin: soja wata 15, mai aikin farar hula wata 20. Wai in da gaske kake, ka biya da lokacinka. Duk da haka samari suka yi ta zaɓar sa. A shekarun 1990 sun haura dubu ɗari a lokaci guda, su ne a motar asibiti, su ne masu kai wa tsofaffi abinci gida, su ne masu tura keken naƙasassu. Da aka dakatar da tilas ɗin a 2011, ya ce barikin bai yi kuka kamar gidajen tsofaffi ba. Har ya zolaye ni ya ce, da ba a dakatar ba da wataƙila ba a nemo irinku daga Afirka ba.

Dakta Binta: Wannan labarin ya taɓa ni, don na san irinsa. Ni bautar ƙasata a wani ƙaramin asibitin karkara na yi, ni kaɗai ce likita a ƙaramar hukumar tsawon watanni. Da fitilar waya na karɓi haihuwa ba sau ɗaya ba. Abin da na koya a shekarar nan ya fi na shekara shida a makaranta. Amma ku lura da tarkon da Malam Issoufou ya nuna, don shi ne a labarin Bajamushen ma. A Ostiriya an yi ƙuri'ar raba gardama a 2013 kan a soke aikin soja na tilas, kusan kashi 60 suka ce a bar shi. Babban abin da aka riƙa tsorata mutane da shi shi ne, in babu tilas babu masu aikin farar hula na wata tara, to wa zai tuƙa motar asibiti? Kun ga an koma riƙe soja don a samu ma'aikatan jinya masu arha. Mu ma haka. Ranar da aka soke bautar ƙasa, makarantun sakandare na karkara da yawa ba su da malamin lissafi. Sai a ce kun ga amfaninta. Ni kuma in ce kun ga shekara nawa aka yi ba a ɗauki malami ba.

Saje Mai Ritaya: Dakta, ai ke kin ba ni hujja. Kin je, kin sha wuya, kin zama likitar gaske. Da ba a tilasta miki ba za ki je?

Dakta Binta: Ba zan je ba Baba, gaskiya. Wannan na ba ka.

Auwalu Mai Waya: Ina ta karantawa tun ɗazu ina gyaran wata waya. Ku gafarce ni manya, ni ban yi jami'a ba, sakandare na tsaya. Duk maganar nan ta 'yan digiri ce. Bautar ƙasa sai mai digiri ko babbar difloma, shi ma in bai wuce 30 ba. Mu ba a taɓa kiran mu ba, ba kaki, ba alawi, ba takardar da za mu nuna. Amma wa ke yaƙin? Ƙanena yana cikin 'yan sa-kai a garinmu, can yammacin Katsina. Ba wasiƙa aka aiko masa ba. An kashe maƙwabcinmu a gona, aka ɗauke matan gida uku, washegari samarin unguwa suka haɗa kuɗi aka sayo bindigar toka. Babu wanda ya tambaye shi lamirinsa. In bai fita sintiri ba, da wane ido zai kalli mutane a masallaci? A Maiduguri ma tun 2013 'yan kato da gora da sanda suka fara. Katsina ta ɗauki nata 'yan sa-kan a 2023, Zamfara ta yi Askarawa a 2024. To Baba Saje, tilas ɗin da kake nema ta riga ta zo, gidan talaka kawai ta sani. Ku kuna muhawara a kan ko a fara, mu muna binne waɗanda suka fara.

Malam Nura Tarihi: Auwalu ya gama magana. Ni na ajiye alli.

Saje Mai Ritaya: Ɗana Auwalu, Allah ya tsare ƙanenka. Ba ka kayar da ni ba, ƙarfafa ni ka yi. Shi ya sa na ce kowa. In ɗan sanata yana Zurmi da bindiga, wallahi cikin wata uku za a nemo maganin abin nan. Kuma yaron da ke sintiri da bindigar toka ba horo, ba kwamanda, ba dokar da ta ce ga wanda za ka harba ga wanda ba za ka harba ba, shi ne gobe zai tare Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba a kasuwa. Mun ga hakan, kar mu ɓoye. Gara a horar da shi a sa shi ƙarƙashin doka.

Auwalu Mai Waya: Baba, ɗan sanata zai je Zurmi? Wanda ko sati ukun Sadiq bai yi ba?

Alhaji Ɗanjuma: A Turkiyya ma a fili suke yi, ka biya kuɗi ka yi wata ɗaya ka koma gida, mara kuɗi ya yi wata shida. Mu da za mu kwafa, wannan sashen za mu fara kwafa.

Kofa Sadiq: Koriyar da Baba ya ambata ma akwai ƙofar baya. Son, ɗan ƙwallon nan da ya yi Tottenham, zinare ya ciyo musu a wasannin Asiya na 2018, aka yafe masa, sati uku kawai ya yi. Saura wata 18 suke yi. Wanda ya ce imaninsa ya hana, da kurkuku ake kai shi, sai daga 2020 aka ce to ya yi aikin farar hula. A ina? A gidan yari, wata 36. Wato ka zaɓa: ka shiga a matsayin fursuna ko a matsayin mai shara.

Barista Hauwa: Sadiq ka iya bincike in ka ga dama. Kuma nan ne ake gane ko ƙasa da gaske take ba da zaɓi. In aikin madadin ya ninka na soja, ba zaɓi ba ne, hukunci ne aka canza wa suna.

Baba Saje, ga tambayar da ban ji ka amsa ba. Sojan Najeriya ba ta rasa masu so ba. Duk lokacin da aka buɗe ɗauka, matasa ke cika filin tantancewa a jihohinmu, a ɗauki kaɗan a kori saura. Jamus matsalarta mutane, tana da sojoji wajen dubu 180 tana neman dubu 260, ga kuɗi babu masu zuwa. Mu ga masu zuwa, ina kuɗin? Wanda ya zo da ƙafarsa ba ka iya ɗaukarsa ba, sai ka je ka kamo wanda ba ya so? A ina za su kwana, me za su ci? Kuma bayan shekara ɗaya ka sallami miliyoyin samari da suka iya kwance bindiga su ɗaura, ba aiki. Wa zai ɗauke su aiki? Ka san amsar.

Saje Mai Ritaya: Maganar kuɗi kam, ni da na yi shekara biyu ina bin haƙƙina bayan ritaya ba zan yi musu ba. Amma ban sauka daga ra'ayina ba. Ba a fasa shuka don tsoron fari.

Maman Iman: Ni duk kun bar ni da tsoro biyu. Iman tana aji uku a jami'a. Ban manta yaran nan masu bautar ƙasa da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011 ba, ban manta waɗanda aka sace a hanyar Zamfara a 2023 suna tafiya sansanin Sakkwato daga Akwa Ibom ba. Su ba bindiga aka ba su ba, farar hula ne, kakin ne kawai. To wanne ne mai sauƙin?

Ustaz Kabiru: Hajiya, Allah ya tsare mana su. Baban Khalifa, abu ɗaya zan ƙara, tun da har yanzu zaɓi ne ba tilas ba. Wani mutum ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman izinin fita yaƙi, ya tambaye shi ko iyayensa na raye, ya ce e, ya ce to ya koma ya yi ƙoƙarinsa a kansu. Malamai sun ɗauki wannan a kan fitar da ba ta zama dole a kan kowa ba. Don haka yardar mahaifiyarsa ba ƙaramin abu ba ce, kar Yuro ya rufe masa ido. Kuma ya tambayi kansa ina za a iya tura shi. Sojan Jamus sun yi shekara ashirin a Afganistan, sun zauna a Gao ta Mali, har Yamai sun yi sansani. Muhammad Ali ya ƙi zuwa Biyetnam a 1967, aka ƙwace kambunsa, ya yi shekara uku da wani abu bai yi dambe ba, sai 1971 kotun ƙoli ta wanke shi. Ƙin ma yana da farashi, ya san wannan.

Saje Mai Ritaya: Ustaz, in kowa ya koma wurin uwarsa wa zai tsare uwar?

Ustaz Kabiru: In abokan gaba sun shigo gari hukuncin daban ne Saje, wannan ƙanen Auwalu ne. Khalifa ba a shigo masa Hamburg ba.

Auwalu Mai Waya: Ni da za a tambaye ni, a buɗe bautar ƙasar ga kowa, har mu. Mai son bindiga ya je bariki, mai son asibiti ya je asibiti, ni a tura ni in koya wa yara gyaran waya da sola a Ebonyi, a ba ni 77,000 ɗin da Sadiq ke rainawa, a ba ni takarda. Wallahi gobe zan rufe shago.

Kofa Sadiq: Zo mu yi musanya. Akwai aji uku na lissafi da ke jiran ka ranar Litinin, kuma shugaban makarantar bai san ana biyan kofa ko sisi ba.

Issoufou na Maraɗi: Auwalu, ka shirya zama ɗan kwantaragi ke nan har tsufa.

Baban Khalifa (Hamburg): Jama'a na gode, na karanta wa Maman Khalifa duka da safen nan, har na Saje, ko da yake a nan ta ce in tsallake. Mun zauna da yaron. Ya cike takardar a gabanmu, minti goma bai kai ba. Wurin da aka ce ya nuna sha'awarsa daga sifili zuwa goma, uwar ta ce sifili, shi ya ce bakwai, aka yi ta ja har ya danna uku. Zancen Kano an ajiye shi, don da ta kira Hajiya Babba, ita ce ta ce kar a kawo mata shi yanzu, unguwar ba ta kwana lafiya da 'yan ƙwacen waya. Abokin aikina ya ce in ya gama makaranta ya zo ya gwada shekarar sa kai a wurinmu ko a motar asibiti, ya ga ko zai iya. Na faɗa masa. Ya tambaye ni nawa ake biya, na faɗa, ya ce Baba wannan ai ko tayar mota ba za ta saya ba.

Saje Mai Ritaya: Uku? Ka ba ni lambarsa.

Maman Iman: Kar ka ba shi.